Takarda Mara Lamba

Gadarif, 1978

Asabar, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau Mudir, shugaban ofishinmu, ya tara mu ya karanta mana hukuncin majalisar haɗaka. An ƙirƙiro sabon matsayi, muraƙib, wanda zai sa ido a kan ofis da ɗakin ajiya da direbobi gaba ɗaya, kuma ba zai karɓi umarni daga kowa ba sai Mudir. Za a faɗi sunan wanda aka zaɓa kafin Babbar Salla.

Shekara ashirin da tara ke nan ina riƙe da alƙalami, goma sha shida daga cikinsu a matsayin bashkatib, babban magatakardan wannan haɗaka ta masu manyan gonaki. Hatimi a aljihun teburina yake kwana. Saboda haka da Mudir ya gama karatu ban ɗaga kai ba, don kada a ce ina jiran a dube ni. Daga baya Ummusalama, mai buga mana takardu, ta ce mini ai ba ni ya duba ba. Ban tambaye ta wa ya duba ba. Mu uku ne kawai a wannan gefe na ɗakin: ni, da ita, da Mahmudu.

Mahmudu ɗan marigayi Jatau ne, abokina tun muna ƙanana a Hawata. Ni na kawo shi ofis shekara shida da suka wuce, ni na koya masa yadda ake ninke wasiƙa. Ammi yake ce mini, wato baffa. Shekarunsa talatin da ɗaya, yana da takardar shaida daga Khartum, yana da ladabi. Ba ni da abin faɗa a kansa.

Litinin, 9 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Al'adar ofis ce in ƙarfe goma ya yi a ajiye aiki a ci fatur, wato karin kumallo. Ma'aikata su kewaye faranti ɗaya na wake da man riɗi da burodi a baranda, Mudir kuma a kai masa nasa ciki, da ƙwai da cuku. Ni yakan kira ni ranar Alhamis, mu ci muna duba al'amuran mako. Haka aka saba tun zamanin Mudir na farko.

Yau Litinin ce, kuma an kira Mahmudu.

Minti arba'in suka yi. Ina jin dariya ta ƙofa, irin wadda ban san Mudir yana da ita ba. Na ci nawa a baranda tare da direbobi, waɗanda suka yi ta tura mini gefen da ya fi mai, kamar wanda aka zo yi wa jaje.

Na rubuta wannan ne kawai saboda tsarin aiki. Minti arba'in ya yi yawa.

Laraba, 11 ga Oktoba, azahar

Yau ma an kira shi.

Alhamis, 12 ga Oktoba, bayan tashi daga aiki

Dole in bayyana ƙa'idar, domin na lura har a cikin ofis an fara ɗaukarta tamkar rigimar tsoho. Duk takardar da ta shigo, ana rubuta ta a daftarin warid, na takardun shigowa, a ba ta lamba. Sannan in karanta, in rubuta ra'ayina a gefe, in kai wa Mudir. In ya sa hannu ta dawo gare ni in buga hatimi. Mai tsaron ɗakin ajiya ba ya sakin ko ƙusa sai ya ga hatimin nan. Da wannan ne muka shekara goma sha shida ba a taɓa cewa kaza ya ɓace ba.

Na kira Mahmudu na ce, "Takardar direban Mafaza da ka fita da ita jiya, mece ce lambarta?"

Ya ce, "Ammi, wallahi mutumin tun asuba yake tsaye, motarsa cike da ma'aikata, rana tana dukansu. Na ga Mudir zai fita, sai na tare shi a bakin ƙofa."

"Lambarta na tambaye ka."

"Ba ta samu ba tukuna. Yanzu zan shigar."

"Bayan ta fita? Ka taɓa ganin an raɗa wa mutum suna ranar ɗaurin aurensa?"

Ya yi dariya, ya zagayo ya sumbaci kaina, ya ce ya tuba. Ummusalama ma ta yi dariya. Ni ba wasa nake yi ba, amma da aka yi dariyar sai maganar ta zama wasa, ya tafi da ita a haka. Yana da wannan baiwar. Ubansa ma haka yake, ka yi masa faɗa ka koma gida kana jin kai ne mai laifi.

Mudir bai kira ni fatur ba. An ce yana da baƙi.

Asabar, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Baranda ta cika da manoma tun da sassafe, kowa jaz yake nema, man manyan motoci, wanda bana ya yi wuya har a kasuwa ba a ganinsa. Rabon da haɗaka ta samu kaɗan ne, kuma ba ya fita sai da izinin Mudir.

In na wuce sukan miƙe tsaye su ce, "Haj Mudi, barka da asuba." Su jira in shige, su zauna. In Mahmudu ya wuce ba sa miƙewa. Sukan kama hannunsa, su ja rigarsa, wani ya ce masa kai ɗan banza ina ka shige jiya. Wani tsoho ya kawo masa kankana. Yanzu kuma Ustaz suke ce masa. Ban san wanda ya fara ba.

A shekara goma sha shida ba a taɓa kawo mini kankana ba, kuma da an kawo da na mayar.

Litinin, 16 ga Oktoba, bayan magariba

Matata Saratu ta kawo mini shayi ta zauna, abin da ba ta cika yi ba sai da magana a bakinta.

"Alhaji, wai Mudir ya ci abincin rana a gidan su Mahmudu ranar Juma'a?"

Na ce ban sani ba.

"Uwarsa ta aro babban farantinmu. Har da 'yan tantabaru aka soya."

Na ce Allah ya amfana.

Ta dube ni ta ce, "To ko shi aka ba, ai ɗanka ne. Wa zai ce ba kai ka yi shi ba?"

Na ce mata ba a yin magana a kan al'amarin ofis a gida. Ta ce ai ba ita ta kawo ofis gida ba, kwana goma ke nan yana zaune a kan fuskata. Ta ɗauki kofinta ta fita.

Farantinmu. Wanda na sayo a Madina.

Talata, 17 ga Oktoba, hantsi

Riɗi ya fara yin rawaya a gonakin hanyar Hawata. Mahaifina riɗi ya noma har ya rasu, na san halinsa. Dawa takan jira mai ita wata guda a tsaye. Riɗi ba ya jira. Daga ranar da ganyensa ya juya kana da mako ɗaya, in ka yi sa'a kwana goma, ka yanke ka ɗaure ka jingina. In ka wuce haka kwanson ya bushe ya buɗe baki, iska ɗaya ta isa ta zubar da noman shekara a ƙasa.

Mahmudu bai taɓa riƙe lauje ba. Amma yau na ji shi yana yi wa Mudir wannan bayani, kusan da kalmomin da na yi masa shi shekaru uku da suka wuce. Mudir yana gyaɗa kai.

Alhamis, 19 ga Oktoba, bayan la'asar

Mudir ya tafi Gallabat batun masu yankan da ke tsallakowa daga Habasha. Kwana huɗu ko biyar zai yi. Ya tafi da Mahmudu. A da ni nake raka shi, amma an ce hanyar ta ɓaci da ruwan bana, ba za a wahalar da ni ba. Na gode da kulawar.

Na fita sallar azahar suna ɗaura kaya a Landiroba. Da na dawo sun tafi. A kan teburina, ƙarƙashin dutsen da nake danne takardu, na tarar da takarda guda. Izinin gangar jaz biyu ne ga Alhaji Lado, domin motarsa ta kai masu yanka sittin gonarsa ta riɗi a hanyar Hawata. Rubutun Mahmudu ne. Sa hannun Mudir yana ƙasa, a karkace, da alama a kan murfin mota aka yi shi, har da ƙurar yatsa a gefe. Hatimi kawai take jira.

Babu lamba. Babu ko ɗan rubutu da zai ce Ammi ga wannan, don Allah. An ajiye mini ita kamar yadda ake ajiye wa mai shara kwando.

Mako guda cif da na yi masa magana.

Na zauna ina kallonta har Ummusalama ta rufe keken rubutunta ta yi mini sallama. Ba zan rubuta abin da na yi da takardar ba, domin ban yi komai da ita ba. Na kulle hatimi, na kulle ofis, na taho gida.

Juma'a, 20 ga Oktoba, bayan sauka daga masallaci

Zafi ƙwarai. Babu gajimare ko ɗaya.

Asabar, 21 ga Oktoba, azahar

Alhaji Lado ya riga ni isa ofis. Mutum ne mai jiki, mai murya, tun gonarsa tana faddan ɗari, kusan eka ɗari ke nan, na san shi, yanzu yana da dubu.

"Haj Mudi, na zo karɓar takardata. Ustaz Mahmudu ya ce an gama, hatiminka kawai."

Na buɗe warid a gabansa, na bi layin Laraba da na Alhamis da yatsa, a hankali, don ya gani da idonsa. Na ce masa babu sunansa.

"Kai! Da idona na ga Mudir ya sa hannu, a kan mota!"

Na ce ofis ba ya aiki da abin da aka yi a kan mota.

"To rubuta mini wata."

Na ce zan iya rubutawa, amma sa hannu na Mudir ne, kuma Mudir yana Gallabat. Ya ce a buga waya. An buga, layin ya mutu tun ruwan da aka yi a farkon wata. Ya tafi wurin mai tsaron ɗakin ajiya, ya dawo, ya sake tafiya. Mai tsaron ya yi daidai da ya hana shi, haka na horar da shi.

Da zai fita ya ce, "Mutum sittin suna zaune a tasha suna cin abincina, riɗi kuma yana kallon rana. Ka taimaka ka duba mini teburin yaron nan, ko ya manta ta a can."

Na duba teburin Mahmudu a gabansa, aljihu bayan aljihu.

Duk abin da na gaya wa Alhaji Lado yau gaskiya ne.

Lahadi, 22 ga Oktoba, hantsi

Ya sake zuwa. Ya bi kasuwa duka bai samu ko tulu ɗaya ba. Masu yankansa ashirin sun bi wata mota zuwa Mafaza.

In aka bar takarda ɗaya ta wuce haka, gobe goma za su wuce, jibi kuma ba a bukatar warid, ba a bukatar wanda ke riƙe da shi. Wani dole ya tsaya. Na rubuta wannan ne saboda tsarin aiki.

Litinin, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Saratu za ta ba da wanki, ta zazzage aljihun farar jallabiyata da na sa ranar Alhamis. Ta shigo da abu a ninke huɗu.

"Wannan ta ofis ce ko ta zubarwa?"

Na karɓa na ce ta ofis ce.

"Me take yi a gida, kai da ba ka kawo ofis gida?"

Ba ta iya karatun boko ba, amma ta tsaya tana jiran amsa fiye da yadda ya kamata. Na sa ta cikin wannan littafi, tsakanin shafi na ƙarshe da bango.

An yi iska da yamma, daga arewa.

Talata, 24 ga Oktoba, azahar

Sun dawo. Alhaji Lado ya tare Landiroba tun ba ta tsaya ba. Mudir ya rubuta sabon izini a tsaye, na ba shi lamba, na buga hatimi, duka bai kai minti biyar ba. Ina so a san haka: takarda in ta bi hanyarta, minti biyar ne a hannuna.

Mahmudu ya shigo da ƙurar hanya har a gira. Ya je wurin teburina kai tsaye, ya ɗaga dutsen, ya duba ƙasa, ya duba kwandon shara. Sannan ya ɗago ya dube ni. Na ci gaba da rubutu. Na ji ya ja numfashi kamar zai yi magana.

Abin da ya ce shi ne, "Ammi, mun same ku lafiya?"

Na ce lafiya lau, ya hanya.

Asabar, 28 ga Oktoba, bayan tashi daga aiki

Alhaji Lado ya shigo ba sallama, ya wuce ni, ya tura ƙofar Mudir. Ya kwance bakin rawaninsa ya zazzage a kan tebur. Kwanson riɗi ne, duk a buɗe, babu ƙwaya. Ya ce kashi biyu cikin uku yana ƙasa, tururuwa da tsuntsaye sun yi Salla tun kafin mutane. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro a kan ihun da ya yi Asabar ɗin da ta wuce.

Majalisa ta kafa kwamiti na mutum uku. Za su zauna Talata.

Ba a kira kowa fatur ba. Mahmudu ya ci tare da mu a baranda, loma biyu ya tashi. Direbobi suka tura masa gefen mai.

Lahadi, 29 ga Oktoba, bayan sallar asuba

Na ɗauki littafin nan na buɗe ta baya, na rufe.

Talata, 31 ga Oktoba, bayan la'asar

Kwamiti ya zauna a ɗakin Mudir. Dattawa uku, dukansu manoma, dukansu na girme su ko sa'annina ne. Ummusalama tana rubuta bayani. Na sa rigar da nake zuwa Idi da ita, ban karya kumallo ba, na shirya amsar kowace tambaya.

Shugaban kwamiti ya miƙe da na shigo. "Haj Mudi, gafarta mana, mun taso ka daga aikinka. Daftari kawai muke so mu gani."

Na buɗe musu. Suka duba, suka yaba tsabtar rubutun, suka ce in zauna in huta.

Suka juya kan Mahmudu. Shi ya rubuta takardar? Shi ne. Ya shigar da ita warid? Bai shigar ba. An taɓa yi masa gargaɗi a kan haka? An yi, Ammi ya yi masa, mako guda kafin nan.

"To bayan Mudir ya sa hannu, ina ka kai ta?"

Ummusalama ta ɗaga alƙalaminta daga takarda. Mahmudu bai dube ni ba. Bangon da ke bayan shugaban kwamiti ya duba.

Ya ce, "Muna gaggawa. Ba zan iya rantsuwa a kan inda na ajiye ta ba. Laifin nawa ne."

Shi ke nan. Babu wanda ya juyo ya ce Haj Mudi, ko ka gan ta? Ba a yi wa mai furfura irin wannan tambaya a gaban ɗan da ya rena, kuma ɗan ba ya nuna shi da yatsa a gaban baƙi. Na san haka tun kafin in shiga. Ina jin na san haka tun ranar Alhamis ɗin can.

Da an tambaye ni da na faɗa. Na tabbata da na faɗa.

Abin da ya tsaya mini shi ne yadda suka dube shi bayan ya gama. Shugaban kwamiti ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan Jatau, ba kowa ke iya faɗin haka ba." Mutum ya zubar da riɗin faddan ɗari shida, ana sa masa albarka.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, azahar

Mudir ya kira ni fatur. Akwai ƙwai, akwai cuku. Mun yi maganar hanyar Gallabat da tsadar raguna. Bai yi dariya ba ko sau ɗaya. Minti goma sha biyar.

Da na fito Ummusalama ta kawo wasiƙu in duba. Ta ajiye, ba ta tafi ba.

"Baba Bashkatib, ranar Alhamis ɗin nan da suka tafi Gallabat, ban fita salla ba."

Na ce to.

"Ina nan a kujerata tun da ka fita har ka dawo."

Na ce to, sai me?

"Babu komai. Mahmudu ya ce in yi shiru, na yi. Na ga dai ya kamata ka san shirun na wane ne."

Akwai kuskure biyu a wasiƙar farko. Ban nuna mata ba.

Asabar, 4 ga Nuwamba, hantsi

Da ya tsaya a gaban kwamiti ya ce a kan teburin Ammi na ajiye, da na san abin yi. Da na fito da takardar, na ajiye hatimi, na tafi gida da mutuncin wanda aka kama. Bai ba ni wannan ba. Ya ɗauki abin ya saɓa a kafaɗa a gaban kowa, kuma ya yi masa kyau. Komai ya sa sai ya yi masa kyau.

Litinin, 6 ga Nuwamba, bayan la'asar

An karanta sunan muraƙib. Ni ne.

Mudir ya ce abin da ya faru ya nuna wa majalisa cewa ofis yana bukatar wanda ba ya karkacewa daga ƙa'ida. An tafa. Mahmudu ne ya fara zuwa ya sumbaci kaina. An mayar da shi ƙaramin ɗakin ajiyar haɗaka da ke Mafaza, zai tafi kafin Salla. Ni na rubuta takardar canjin, domin aikina ne.

Saratu ta yi guɗa ɗaya da na gaya mata, gajeriya. Da na gaya mata ta biyun ta ce, "Mafaza? Da uwarsa a wannan hali na ƙafa?" Ta shiga madafa, ba ta fito ba har magariba.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, bayan magariba

Ya zo gida yin sallama da la'asar, da ɗan kwalin dabino. Saratu ta riƙe shi a tsakar gida tana ta yi masa addu'a. Sannan ya shigo wurina ya zauna a ƙasa, ko da yake na nuna masa kujera. Littafin nan yana kan tabarma tsakaninmu.

Na ce Mafaza gari ne mai albarka, ga kogi, ga kifi.

Ya ce haka ne, Ammi.

Na ce shekara ɗaya ko biyu ne, in ya riƙe aiki da kyau.

Ya ce in sha Allahu. Sannan ya ce, "Baba kafin ya rasu ya ce mini, duk abin da Mudi ya yi maka, ka ɗauka ni na yi maka. Ban taɓa mantawa ba."

Na ce Allah ya jiƙan Jatau.

"Amin. Ka riƙa leƙa Inna, don Allah. Kunyarka take ji, ba za ta aiko ba."

Na ce zan leƙa. Na raka shi ƙofar gida. A waje motar Alhaji Lado ce take jiransa, ita za ta kai shi da kayansa har Mafaza, da jaz ɗin Alhaji Lado. Direbobinmu huɗu suna bayan motar, sun ce za su raka shi su dawo gobe. Ba su nemi izinina ba.

Asabar, 11 ga Nuwamba, ranar Salla, azahar

An yi Idi lafiya. Mutane da yawa sun zo yi mini barka biyu. Na aika wa uwar Mahmudu cinya. Ta aiko da godiya, da farantinmu.

Asabar, 18 ga Nuwamba, bayan tashi daga aiki

An ba ni ɗaki ni kaɗai, mai ƙofa da labule. Na fitar da sanarwa ta farko: daga yau babu ma'aikacin da zai kai wa Mudir takarda da hannunsa, a ofis ko a waje. Kowa ya sa hannu ya karanta. Ana aiki cikin natsuwa. Ummusalama tana gaishe ni da cikakken matsayina, ba ta ƙara ce mini Baba ba.

Lahadi, 19 ga Nuwamba, azahar

Alhaji Lado ya zo. Ya rame. Ya yi sallama wannan karon, ya zauna, ya yi mini barka da matsayi.

"Wallahi Haj Mudi, na gaya wa 'ya'yana, da takardar nan hannunka ta faɗa tun farko, da riɗina yana cikin buhu yanzu. Irinku sun ƙare."

Na ce Allah ya mayar masa da alheri.

"Amin. Abin da ya zube ya zube. Amma yaron nan, a dawo mana da shi. Kuskure ya yi, kuma garin taimakona ya yi shi. Kai ka rene shi, kai ne muraƙib, in ka sa baki Mudir ba zai ƙi ba." Ya zaro takarda daga aljihu yana murmushi. "Ka gani, mun koyi darasi. A rubuce muka kawo, ta ƙofarka."

Na karɓa, na shigar da ita warid a gabansa, na ba ta lamba. Ya yi godiya ya tafi.

Roƙo ne na layi biyar. Ƙarƙashinsa sunaye ne, wasu da alƙalami, wasu da dangwalen yatsa, har sun juya bayan takardar. Manoma arba'in da uku, direbobi shida, da mai tsaron ɗakin ajiya, wanda ni na ɗauke shi aiki. Sunan Alhaji Lado ne na farko. Na karanta su duka, sannan na sake karantawa. Babu wanda ban yi wa aiki ba a cikinsu, wasu tun iyayensu. Shekara ashirin da tara, ba a taɓa tara sunaye saboda ni ba.

Gefen takardar na jiran ra'ayin muraƙib kafin ta shiga wurin Mudir. Na ɗauki jan alƙalami na rubuta: Ba a ga dalilin sake duba hukuncin majalisa ba. A ajiye.

Na sa kwanan wata.